Ranar da Aka Ce Ban Iya Talaka Ba

Shekarata hamsin da takwas ina talaka, ban taɓa ɗaukar hutu ba ko na yini guda, amma a watan jiya wani Dakta ya dube ni tun daga hula har takalmi ya ce ban iya ba. Wai da sauran gyara.

Bari in ɗauko muku daga tushe, kada ku ce tsufa ya fara taɓa ni. Aikina gyaran kujeru ne a jami'ar da ke gefen garinmu. Sana'a ce mai koya wa mutum shiru: ƙusa tana bakinka, manya suna magana a bisa kanka, ba wanda ya tuna kana da kunne. Karatu kuwa sai da na haura arba'in da biyar na shiga ajin manya, shi ya sa har yau nake ganin girman takarda fiye da waɗanda suka buɗe ido a cikinta.

To jami'ar nan tana da wani shiri mai albarka. Kowace shekara ana zaɓo matasa goma sha biyu cikin masu neman digiri na biyu, a ɗauke musu nauyin karatu, a ba su ɗaki mai fanka, a ɗinka musu kwat iri ɗaya, a shekara ana koya musu yadda ake riƙe jama'a. Shugabannin Gobe ake ce musu. Da yake ni nake gyara kujerun ajinsu, na ɗan tsinci karatun a tsugune. Akwai darasin fitowa daga mota ba tare da riga ta yamutse ba. Akwai kuma wanda ya fi burge ni, na yadda za ka amsa tambaya har ka gama ba ka taɓa ta ba.

Jarrabawarsu ta ƙarshe ita ce sauraron koken talaka. Aka rasa talakan da za a gwada a kansa, sai Daktan da ke kula da shirin ya hango ni ƙarƙashin tebur.

"Baba kafinta, kai talaka ne ko?"

"Haka ake faɗa, ranka ya daɗe."

"Madalla. Yi mini fuskar talaka in gani."

Na tsaya da fuskata, don ita kaɗai gare ni.

"A'a, wannan ta cika natsuwa. Rigar nan ma ta yi tsabta da yawa." Ya buɗe kabad ya ɗauko wata yagaggiyar riga ta 'yan wasan kwaikwayo, ya haɗa mini da takarda shafi biyu, wai in haddace, kokena ke nan. Na karanta sau uku a hanya ban gane abin da ke damuna ba. Wai ina fama da ƙarancin ababen more rayuwa. Allah ya sawwaƙe.

Alhali kuwa muna da koke na gaske a layinmu. Shekara biyu ke nan da kwalbatin bakin layi ya rufta, ya bar rami mai zurfin tsayin mutum. Mota ba ta shiga, ko babur sai an ɗaga shi. Katako ɗaya muke bi mu tsallaka, ni na shimfiɗa shi, sau uku ina sakewa. Maƙwabcina Mai Wanki kuma matarsa tana da cikin wata takwas. Haihuwarta ta baya sai da aka yi mata aiki, likita ya ja musu kunne cewa da naƙuda ta fara a sa ta a mota, kada a tsaya komai. Daga ƙofarsu zuwa bakin titi taku ɗari huɗu ne, Mai Wanki ya ƙirga, kuma katakon nan yana tsakani. Na rubuta takardar koke da hannuna, duk layin ya sa hannu, na kai ta ofis bakwai. Ko'ina an karɓe ni da mutunci, an ce in dawo.

Da na ba mutanen layi labarin Dakta a ƙofar gida, uwar yarana ce ta fara magana.

"Rigar da na wanke na goge ce ta yi tsabta da yawa? Ka ce wa Daktan ya zo ya faɗa a gabana."

Mai Wanki ya ajiye dutsen guga ya ce, "Tsaya tukuna, Yaya. Wa zai zauna a wurin?"

"Mai Girma Mai Jiniya ne babban baƙo. Shi zai ba da maki."

"Na gaske?"

"Na gaske, har da jiniyar."

"To ka ajiye takardar Dakta ka kai tamu! Shekara biyu muna neman mu ga ko ƙeyarsa ce, ga shi za a zaunar maka da shi wuri ɗaya."

Ni ba mai son saɓa wa malami ba ne. Amma na dubi matar Mai Wanki tana shanya tana dafe da ƙugu, sai na ninke takardarmu na sa a aljihu.

Ranar jarrabawa Mai Girma ya iso bayan awa biyu da lokacin da aka sa, wanda shi ma darasi ne ya ba yaran kyauta. Kowane ɗalibi an liƙa masa lamba a ƙirji, an ba shi minti uku, Dakta yana riƙe da ƙararrawa. Ni kuma in shigo cikin yagaggiyar riga in faɗi kokena, sau goma sha biyu.

Lamba Ɗaya bai bari na kai ga maganar rami ba. Ya zabura ya kama hannuna biyu ya ce, "Baba! Ciwonka ciwona ne!" Ya juya ni wajen mai hoto kamar yadda nake juya kujera in duba ƙafarta. Minti ɗaya ya sallame ni. Maki tara cikin goma.

Lamba Biyu ya kafa kwamiti. Lamba Uku ya kafa kwamitin da zai duba aikin kwamitin. Lamba Huɗu ya ce laifin waɗanda ya gada ne, yaron da ko ɗakin kwanansa ba shi da wanda ya gada. Lamba Shida ya karɓi takardata yana kallon idona cike da tausayi, ya miƙa ta baya ta saman kafaɗa, inda nan gaba mai riƙe masa jaka zai tsaya. Da yake ba a kai ga ba shi mai jakar ba, takardar ta faɗi ƙasa. Mai Girma ya tafa ya ce, "Kai, wannan hannun ba koya aka yi masa ba, da shi aka haife shi." Na duƙa na tsince abata na kaɗe.

Sai Lamba Tara. Wata 'yar siririya ce mai tabarau, kwat ɗin ya yi mata yawa. Ta jawo kujera, wadda ni na gyara da hannuna, ta ce, "Zauna, Baba."

Na zauna. Ta karanta takardar har ƙarshe, abin da ba a taɓa yi mata ba.

"Wane layi ne?"

Na faɗa.

"Faɗin ramin nawa?"

"Kamu huɗu da 'yan yatsu."

"Matar, saura kwana nawa likita ya ce?"

Ina cikin lissafawa ƙararrawa ta kaɗa. Ko hoto ba a yi ba.

Mai Girma ya girgiza kai, ya yi mata nasiha irin ta uba. "'Yata, kin ba shi kujera. Talaka in ya zauna ba ya tashi. Sannan kin tambayi sunan layi. Duk wanda ya san sunan layi, layin ya zama nasa." Ya ba ta maki biyu, ya ce ɗaya na ladabi ne.

Da aka gama ya yaba wa Dakta, ya ce wanda ya tsara labarin nan gwani ne, musamman wurin mai cikin nan, ya taɓa masa zuciya. Na tattaro duk ƙarfin halina na ce, "Ranka ya daɗe, ai gaskiya ne, matar maƙwabcina ce." Zauren ya ɗauki dariya. Mai Girma ya share hawaye ya ce, "Ku ji, har yanzu yana cikin wasan!" A bakin ƙofa Dakta ya karɓi rigarsa, ya ce na bar rubutunsa, kuma ban yi kuka ba, ban ɗaga murya ba. A nan ne ya ce ban iya talaka ba.

Na tarar da Mai Wanki zaune a kan katako yana jirana. Na faɗa masa yadda aka yi. Ya dubi ramin, sannan ya ce, "Yaya, kana da tsohuwar ƙofa mai ƙwari?" Washegari na sa mata mariƙa huɗu, don mu ɗauki matarsa a kai in naƙuda ta zo. Muka riƙa gwaji mu huɗu, muna ɗora buhun yashi muna tsallaka katakon. Sau biyu buhun yana faɗawa rami. Matarsa tana kallo daga soro.

Kwana huɗu bayan nan sai ga Lamba Tara tana tsallako katakon, takalminta a hannu. Uwar yara ta ba ta ruwa, ta sha ta ce, "Baba, da yake ni ce ta ƙarshe a maki, an ɗora mini aikin da kowa ya ƙi: tsara jadawalin ranar yaye mu." Ta miƙo mini takarda. Na bi da yatsa har abu na shida: Mai Girma zai kai ziyarar jinƙai gidan talakan da aka yi jarrabawa da shi, tare da masu hoto.

"Dakta ya sa hannu?"

"Har ya ce ashe ina da dabara. Mai Girma ma ya amince, ya ce an daɗe ba a ɗauke shi da talaka a gidansa ba."

"To 'yata, ta ina zai shigo?"

Ta gyara tabarau ta ce, "Ni ziyara aka ce in tsara, Baba. Hanya kuma akwai masu ita."

Masu ita suka zo bayan kwana biyu, mutum uku cikin baƙar mota, waɗanda ke riga Mai Girma zuwa ko'ina su duba inda zai taka. Suka tsaya bakin rami suna leƙawa.

"Motar Mai Girma ba ta hawa katako," in ji babbansu.

"Ai zai iya takowa," na ce. "Taku ɗari huɗu ne kacal."

Ya dube ni kamar na zagi mahaifiyarsa, ya koma gefe ya ciro waya.

Jama'a, ku daina cewa manyanmu ba su iya aiki ba. Zalunci ne. Gari na wayewa sai ga tifa biyu da injin kwaɓa siminti. Abin da ya gagari ofis bakwai shekara biyu, kwana biyar aka gama shi, har da farin fenti a gefe da gefe. Suka shafe gaban gidana da shuɗi daidai inda hoto zai kama, katangar Mai Wanki kuma aka yi mata rabi aka bar rabi. Dakta ya aiko da yagaggiyar rigar nan, wai in sa ranar. Uwar yara ta karɓa ta wanke ta ɗinke duk yagar, ta goge. Na ce ba ruwana.

Ranar ziyara muka jeru tun hantsi har la'asar. Mai Girma bai zo ba, wani uzuri na al'umma ya taso masa. Ya wakilta wani, wanin kuma ya aiko da gaisuwa. Ban taɓa jin daɗin saɓa alkawari kamar wannan ba, don siminti ya riga ya bushe.

Bayan kwana tara, da rana tsaka, naƙuda ta tashi. Motar haya ta shigo har ƙofar Mai Wanki, ta juya ta fita ba ta ko rage gudu a kan kwalbatin ba. An yi aikin, likita ya ce da an ƙara rabin awa da magana ta canja. Mace aka samu, uwa da 'ya lafiya lau. Mai Wanki ya ce ko wane suna aka sa mata, shi Tara zai riƙa kiranta. Ƙofar nan mai mariƙa huɗu yanzu a kanta yake guga.

An yaye Shugabannin Gobe. Na ji an tura Lamba Ɗaya wani babban ofis mai sanyi, har an ba shi mai riƙe jaka, Lamba Shida yana ta ƙorafi. Lamba Tara kuwa an kai ta ɗakin ajiye tsofaffin takardu, inda ba taga. Na leƙa in yi mata jaje in gyara mata kujera, sai na tarar tana karanta su ɗaya bayan ɗaya tana rubuta sunayen layuka. Ban gaya wa kowa ba, ku ma kada ku faɗa.

Dakta ya aiko cewa za a sake ɗaukata baɗi, muddin na koyi kuka. Ina gwadawa gaban madubi, abin bai zauna ba tukuna. Jiya kuma dattawan layin bayanmu suka zo su biyar, suka gaishe ni da girmamawar da ban saba ba. Famfonsu ya shekara uku ba ruwa, suna roƙon in koma layinsu da zama kafin jarrabawa ta gaba, ɗaki kyauta. Na saurare su har ƙarshe, na ba su kujera. Sannan na ce na ji kokensu, ciwonsu ciwona ne, amma su yi haƙuri su dawo, don mutanen layin makaranta sun riga su.