Man Keke a Bakin Kyamara

"Lafiya lau, sai ciwon gwiwa da takaicin miji mara zumunci," in ji Kaka, tana cusa kai cikin shagon tun Dogo bai gama gaishe ta ba.

Shagon ma dai sunan shago ne kawai. Lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, inda Dogo yake gyaran kwamfuta da wayoyi, da tebur ɗaya, da benci, da wata fanka mai kuka kamar ana yi mata dole. Kaka kuwa ita ta haifi babansa. Tsohuwar tela ce da ta ajiye ɗinkin mutane, amma bakinta bai ajiye aiki ba. Tun Dogo yana zanin goyo take kiran sa mijinta, shi kuma tun da ya iya magana yake cewa ya sake ta.

"Tsohuwa, wa ya bar ki kika fito titi ke kaɗai? Iska ba ta yi gaba da ke ba?"

"Iskar da ta bar ka, kai da kake kamar sillen kara? Matsa min in zauna."

"Nan wurin aiki ne, ba a kawo ƙarar miji."

"Wane mijin? Wanda ko tsinke bai taɓa kawo min ba? Ai ni zaman haƙuri nake yi da kai, unguwa kaf ta shaida."

"To ki tafi gidanku mana."

"Gidanmu ai shi ne gidan ubanka, mara kunya."

Ta zauna a bencin, ta ɗora jaka a cinya ta fara kwance ƙulli. Daga jikin ƙullin ta cire zani, ta cire ɗankwali, ta cire wata tsohuwar safa, har Dogo ya fara zaton ƙwai ne a ciki. Da abin ya fito sai dariyarsa ta tsaya. Kyamarar bidiyon kakansa ce, wadda marigayin ya saya bayan ya bar tuƙin mota, ya addabi kowa da ita a gida. Ƙaramin allonta ya fashe tun yana raye, ba a ganin komai a jikinsa. Tun rasuwarsa kuma ba wanda ya ƙara jin labarinta.

"Ka fito min da abin da ke cikinta," in ji Kaka.

"Don ki ga kanki lokacin da kike da haƙora?"

"Haƙoran da na cinye wahalar ubanka da su."

Ta shafa bayan kyamarar da babban yatsa. Sannan ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Shekaranjiya ina shara na so in tuna yadda yake kiran sunana. Fuskar ta zo, ga hotonsa can a bangon ɗakina. Muryar ce ta ƙi zuwa. Na yi, na yi, ta ƙi."

Maganar ta soki Dogo, amma ya san kakarsa. In ya nuna mata tausayi a fili, sai ta naɗe kayanta ta tafi. Sai ya miƙa hannu ya ce, "Kawo. Wato wurin sabon miji aka zo neman muryar tsohon miji. Ni dai ban ga irin wulaƙancin da ba a yi min ba."

"Kai ka ga za ka iya zama da mai tsohuwar zuma."

Ya sa wa kyamarar caji, ƙaramar fitilarta ta kawo ja, ya ce alhamdulillahi, da ranta. Ya duba ko tana da katin da za a zare a sa a wani wuri, ya ga irin mai ajiya a cikin cikinta ce, dole sai ta waya. Ya lalubo wayar da ta dace a cikin kwalin wayoyinsa, ya soka kai ɗaya a kyamara, ɗaya a kwamfuta. Suka zuba wa allon ido. Kwamfuta ta yi kamar ba da ita ake ba.

"Me ta ce?"

"Ba ta gan ta ba tukuna."

"Ba ta gan ta ba? Ga ta nan a gabanta! Ashe kwamfutar ma halin mai ita ta ɗauko, ba ta san ta gaida manya ba."

"Tsofaffi ne ba ta so, suna cika ta da surutu."

Ya zare wayar ya mayar da ita wani ramin. Shiru. Ya canza wata wayar, ya murɗa maɓallin kyamarar zuwa wajen kallo, ya kashe kwamfutar ya sake kunnawa. Ya janyo wata kwamfutar da aka kawo gyara ya gwada a jikinta, ita ma ta yi kunnen uwar shegu. Fanka tana ta kukanta, gumi ya fara tsattsafo masa a goshi.

"Kai yanzu wannan ne aikin da ake ta yi mana burga da shi? Soka, zare, soka, zare? Da na sani ai da ɗinki na koya maka, ko maɓallin riga ka riƙa sa wa mutane."

"Ɗinkin da kika yi min wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya?"

"Ƙafafunka ne ba daidai ba, wandon lafiyarsa ƙalau."

Ya sake zare wayar, sai ya ji kan nata yana santsi a yatsunsa. Ya duba, ya ga yana ƙyalli. Ya kai hanci. Wannan ƙanshi ko a mafarki ya san shi, don a cikinsa ya girma, a gindin keken ɗinkin Kaka yana tsintar ƙyallaye.

"Tsohuwa, me ya sa kyamarar nan take ƙanshin kekenki?"

"Don ana kula da ita mana," ta faɗa da alfahari, har da gyara zama. "Duk ranar da na sa wa keke mai, ita ma sai na ɗiga mata. Duk inda na ga rami, ɗigo ɗaya. Ƙarfe ai mai yake so. Ka ga ko tsatsa a jikinta?"

"Tun yaushe?"

"Tun da aka share makoki."

Dogo ya haska ramin da tocila. Man keke ya haɗu da ƙura da burbushin zaren safa, sun zama wani baƙin danƙo, sun toshe bakin ruf. Ya ajiye tocilar a hankali. Wannan karon bai sami abin tsokana ba.

"Kaka," ya ce. Rabon da ya kira ta da wannan sunan har ya manta, ita ma sai da ta ɗago. "Wannan ba irin keke ba ce, ba ta shan mai. In a baki ya tsaya, zan iya wankewa. In kuma ya gangara ciki, to abin da ke ciki sai dai haƙuri."

Ta dubi hannayenta, waɗanda suka yi shekaru suna ɗiga man nan da kyakkyawar niyya. "Wato da hannuna na shaƙe shi," ta ce a hankali.

Tausayinta ya kama shi. Ya yi maza ya danƙa mata tocilar. "Riƙe min nan. Kuma kada ki yi min kuka a shago, a ce na doki matata."

"Kai ɗin? Ko kaza ba ka iya kamawa."

"Haska ramin, ba hancina ba."

"Hancin ne ya tare ko'ina."

Ya ɗauko tsinken sakace ya fara saƙato danƙon kaɗan-kaɗan yana gogewa a takarda. Ta ciro allura daga gefen ɗankwalinta ta miƙa masa, ya ce a'a, ƙarfe zai ƙarasa abin da ta fara. Ya naɗa auduga a tsinken, ya tsoma a sifirit, ya wanke, ya sake wankewa, har audugar ta daina fitowa baƙa. Kaka tana ta haska masa har ya gama. Ya ajiye kyamarar a gaban fanka ta bushe.

"Da ni ma za a wanke min gwiwa haka," in ji ta.

"Ke ai sai dai a canza gaba ɗaya, kuma an daina kawo kayan gyaranki."

"Allah ya kai ka shekaruna, in ga da wace gwiwar za ka tashi."

Ya ɗauko sabuwar waya ya soka. Kaka ta rufe ido, leɓɓanta suna motsi. Sai kwamfutar ta yi wata 'yar ƙara, wani akwati ya buɗe a allon, ga jerin bidiyo sun yi layi.

"Ta gaishe ki, tsohuwa."

"Sa min. Kowanne ma."

Ya danna na farko da hannunsa ya kai. Hoton ya yi ta rawa, sannan ya tsaya a kan Kaka, tana zaune a bakin keke da zare a baki, tana harara. Daga bayan kyamarar sai ga murya, mai kauri, mai dariya a ciki, ta kira sunanta ta ja ƙarshensa.

Kaka ta dafe bencin.

"Ka ɗauke min abin nan daga fuska, ina aiki," in ji Kakar da ke cikin allo.

"Bari in ɗauke ki da kyau," in ji muryar. "In kin riga ni tafiya, da me zan riƙa jin faɗanki?"

Dariya ta ƙwace wa Kaka tare da hawaye, ta sa gefen mayafi tana gogewa. "Ji shi! Ji mayaudari! Shi da ya lallaɓa ya riga ni."

Dogo ya leƙa sauran bidiyon ɗaya bayan ɗaya. Kaka tana tsefe kai, Kaka tana korar kaji, Kaka tana gyangyaɗi a kujera baki buɗe. Marigayin ya ce don jikoki ya sayi kyamarar, amma jikokin sai dai a ga ƙeyarsu suna wucewa.

Ya ɗaga hannu biyu sama yana dariya. "Na janye, tsohuwa. Wannan ba abokin takarata ba ne. Na bar masa ke."

"Da ma wa ya ce maka kana cikin layi?" Ta matso da bencin har gwiwarta tana taɓa teburin. "Yi min shiru, ka mayar da shi inda ya kira ni."