Darasin Tumatur a Zauren Surukina

Ba zan taɓa mantawa da jajibirin sunan 'yata ta fari ba, kuma ko da Allah Ya ji ƙaina na manta, akwai mutane tsakanin Kura da Bunkure da suka mai da tuna mini sana'a. Shi ya sa na ga gara in ba da labarin da bakina, domin wanda ake bayarwa a tasha an zuba masa gishiri har ya daina ciyuwa. (Ban je da 'yan sanda ba. Ban kuma suma ba. Duk wanda ya ce ya yayyafa mini ruwa, Allah Ya isa.)

Ni malamin bayoloji ne a wata sakandare a Kura. Ku riƙe wannan da kyau, don a nan abin kunyar yake kwance. Da ni mai faci ne ko dillalin albasa, da tuni an ce rashin sani ne, an yafe.

Matata Saude ta tafi goyon ciki gidansu, kamar yadda ake yi a haihuwar fari, wani ƙauye a bakin kanal ta hanyar Bunkure. Mahaifinta, Alhaji Ɗanladi, manomin tumatur ne, mutum mai tsadar magana. Da naƙuda ta zo aka kai ta ƙaramin asibitin ƙauyen, inda ungozoma ɗaya ce tal. Ana shiga da ita sai ga wata Bafulatana an kawo, matar wani Buba da ke zaune a rugar bayan gari. Ni a wannan ƙarshen benci, Buba a wancan. Kusan tare muka ji kuka biyu, aka ce duk mata ne. Muka yi wa juna barka, har ya ɓara goro ya ba ni. Da na leƙa ta ƙofa na hango baho guda, jarirai biyu, ungozoma na kai-komo tsakaninsu.

Bayan 'yan kwanaki idanun jaririyarmu suka yi ɗorawa, muka garzaya babban asibiti. Likita ya ce shawara ce marar tsanani, amma a duba jininta. Da sakamako ya fito, nas ta ce da ni, "Malam, 'yarka O negetif ce. Akwai abin da ya kamata ku sani tun yanzu..."

"Na sani," na katse ta. "Ni nake koyar da shi."

Ta dube ni, ta ɗaga kafaɗa, ta kira na gaba. (Har yau ina jin haushinta. Ai aikinta ne ta tsayar da ni.)

Bari in yi muku bayani, tunda na san hanyar. A jikin fatar da ta lulluɓe jajayen ƙwayoyin jini akwai wani furotin da masana ke kira RhD, yana zaune kamar maɓalli a gaban riga. Wanda ke da shi fozitif ne, wanda ba shi da shi negetif. Umarnin ƙera shi kuwa yana cikin wata ƙwayar gado mai suna RHD, wadda mutum ke samu daga iyayensa. Ni da Saude an gwada mu kafin aure, dukanmu fozitif muke.

A kan babur, ina komawa Kura ni kaɗai, lissafi ya fara tafasa mini a kai. Uba yana da shi. Uwa tana da shi. 'Ya ba ta da shi. To ina ya tafi? Faɗuwa ya yi a hanya? Sai bahon nan ya faɗo mini a rai. Sai na tuna hancin yarinyar, dogo siriri, alhali mu a gidanmu hanci shimfiɗa shi aka yi. Sai na tuna haskenta. (Kowane jariri da haske yake zuwa. Wannan ma ina koyarwa.) Kafin in kai gida na gama shari'a, na yanke hukunci: an yi musanya. Na kwana ina huci. Wato don mu talakawan karkara ne, sai a riƙa raba mana 'ya'ya kamar ana raba taki? Da wani ne sai a ci bulus, amma wannan karon sun taɓo mai ilimi.

Ranar jajibiri na sa farar shaddata na nufi ƙauyen. Lokacin ɗibar tumatur ne, ƙofar gidan Alhaji cike da kwanduna ana jiran motar Kudu, masu lodi sun baje a inuwa. Rago na ɗaure. A cikin gida mata na daka, taɓare na amsa wa juna. Na cire takalmi, na durƙusa a zaure, na gai da surukina yadda ya kamata, sannan na ɗaga murya irin wadda nake kaiwa bayan aji da ita.

"Baba, ina da magana. Yarinyar nan da ke cikin gida ba jinina ba ce."

Taɓaren nan suka tsaya cak.

Alhaji ya ajiye carbinsa a hankali. "Malam, ka san abin da ka faɗa kuwa?"

Ni dai na ɗauka ilimina yake tambaya. "Na sani, Baba. Ina da hujja."

Sai da na ga fuskar dattijon ta canza, na ga masu lodi sun sunkuyar da kai, sannan na fahimci yadda maganar ta sauka. Mutum ya zo gidan surukinsa ya ce 'yar da aka haifa masa ba jininsa ba ce, ai ba ungozoma za a fara tunawa ba. Na yi maza na ce, "A'a, a'a, Baba, musanya nake nufi! A asibiti! Tawa tana rugar Buba!" Amma magana zarar bunu ce, kuma katangar gidan gajeriya ce.

Alhaji bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Cewa kawai ya yi a kira Buba.

Buba ya iso da sandarsa a kafaɗa, tun daga nesa yana rantsuwa. "Alhaji, wallahi shanuna ba su tsallaka kanal ba. In an ci gona, na wasu ne."

"Ba shanu ba ne, Buba. Malam ne ya ce 'yarsa tana rugarka."

Buba ya juyo ya ƙare mini kallo, daga hula har ɗan yatsa. "Kai ne na ba goro?"

"Ni ne."

"Wadda ke bakin nonon matata yanzu haka, ita ce taka?"

"Bisa ga ilimi, i."

Ya sauke sandar ya dogara a kanta. "To, Malam. Mu in mutum ya ce saniya tasa ce, sai ya nuna shaidar da ke kunnenta. Ina shaidarka?"

Abin da nake jira ke nan. A ba malami taro a ce ya nuna? Na fito ƙofar gida, na share ƙasa da tafin hannu, na sa aka miƙo mini tumatur daga kwandon tsince, jajaye da ɗanyu. Jama'a suka kewaye ni.

"Ja ɗin nan," na ce, "shi ne ƙwayar gadon da ke ƙera abin nan a jikin jini. Ɗanyen kuwa ba ya ƙera komai. Kowane ɗan'adam biyu yake ɗauke da su, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. In akwai ja ko da guda ne, mutum fozitif ne. Sai in duka biyun ɗanyu ne zai zama negetif. Ana tare?"

"Ana tare, Malam!" in ji masu lodi.

To, ga inda aka ci amanata, kuma ba kowa ya ci ba sai hannuna. Duk shekara ina koya wa 'yan ajin ƙarshe wannan darasi, kuma duk shekara da misali ɗaya nake yi, don shi ne mai fitowa a jarrabawa. Kaina yana can yana shirya jawabin da zan yi wa ungozoma, hannun nan kuwa ya kama aikin da ya saba. Ya ajiye wa uba ja da ɗanye. Ya ajiye wa uwa ja da ɗanye. Ya zana gida huɗu a ƙasa, ya shiga rabawa. Bakina ma ya bi shi, da waƙar aji da komai.

"Ja da ja?"

"Fozitif!"

"Ja da ɗanye?"

"Fozitif!"

"Ɗanye da ja?"

"Fozitif!"

(Gaskiya ban taɓa samun aji mai kaifin wannan ba. Har Buba yana amsawa.)

"Ɗanye da ɗanye?"

"Negetif!"

"Madalla! Kun ga ke nan, uba fozitif, uwa fozitif, amma su haifi negetif, ɗaya cikin huɗu. Wannan ba abin mamaki ba ne, jahili ne kawai zai..."

A nan na ji muryata. Ta fita, ta bugi katanga, ta dawo ta shiga kunnena. Na dubi ɗanyun tumatur biyu a gida na huɗu. Su ma kamar ni suke kallo.

Sai Alhaji ya gyara zama a bakin zaure, ya ce cikin sanyin murya, "Malam, maimaita. Na baya ba su ji ba."

Ban maimaita ba. Ba a ma buƙata, don wani mai lodi ya riga ya faɗi ƙasa yana riƙe da ciki, saura suka bi. Buba kaɗai bai yi dariya ba.

"Ka ga, Malam," ya ce, "ni ban je makaranta ba. Amma in taka ta yi maka yawa, kawo ta, matata na da nono, za mu haɗa su biyu mu riƙe. Tawa dai ko da soja ka zo, ba inda za ta."

Na ɗauka an kai ƙarshe. Ashe da saura. Kun san al'ada, mace ba ta ɗaukar ɗan fari a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, balle a gaban mahaifinta. Mai jego kuma ba ta leƙo ƙofar gida. Sai ga Saude ta fito har bakin zaure, lulluɓe da mayafi, jaririya rungume a ƙirjinta, idanunta jawur. Dariya ta ɗauke.

"Baba, ka gafarce ni, yau na yi rashin kunya," ta ce. Sannan ta juyo gare ni. "Malam, ni maganarka ta farko na ji, kafin ka tuna da asibiti. Duk matan da ke daka ita suka ji, kuma ita za su kai gidajensu. Ni na haifi yarinyar nan. In ba ka so, faɗa yanzu a gaban kowa, kada gobe liman ya ɓata addu'arsa."

Duk littattafan da na karanta, babu wanda ya zo mini taimako. Na zube a gabanta da gaban mahaifinta, na ce da ƙarfi yadda na cikin gida za su ji, "Tawa ce. Jinina ce. Ni ne jahilin. Ku yafe mini." Ban lura inda na zube ba sai da na ji sanyi a gwiwa. A kan darasin nawa na durƙusa. Haka na miƙe da farar shadda, gwiwa biyu jawur, 'ya'yan tumatur na gangarowa.

An yi suna washegari lafiya. Ana shafa fatiha Alhaji ya miƙa mini ƙwaryar goro ya ce in kai rugar Buba, tunda su ma ranar suke nasu. Na je. Suka karɓe ni da mutunci, suka dama mini fura, har suka fito da jaririyarsu in gani, amma daga nesa, wata tsohuwa na tsaye a tsakani. Saude kuwa ta yi arba'in, ta ƙara wasu kwanaki da ban isa in ƙirga mata ba. Sai da na tura kawuna da limamin unguwarmu biko kafin ta dawo. Na kuma koma wajen nas ɗin nan da hulata a hannu, ta ƙarasa maganar da na katse: idan yarinyar ta girma ta samu juna biyu, a gaya wa asibiti da wuri cewa ita negetif ce, akwai allurar da ake yi don kare abin da ke cikin. Abin da ya kamata in kwana ina tunani ke nan.

Na yarda na yi kuskure. Amma jama'a, a yi adalci mana! Shekaru sun shuɗe, yarinya har ta shiga firamare, amma ba ni da ikon tsayawa gaban mai tumatur ba a ce, "Malam, ja ko ɗanye?" ba. Ɗalibaina, waɗanda a lokacin ko firamare ba su gama ba, da na zo wannan babi sai in tarar an jera mini tumatur a kan tebur. Ungozomar da na zarga ba ta taɓa ce mini uffan ba, gaisuwa kawai take yi da fara'ar da ta fi zagi ciwo. Wani ya saci akuya a garin nan, an manta. Ni da na ba da darasi kyauta, kuma daidai, ni ne abin nunawa.

Abin da na koya dai bai wuce wannan ba: in ilimi ya ba ka hujja a kan mutane, shiga ɗaki tukuna, ka rufe ƙofa, ka koya wa kanka darasin har ƙarshe. In kuma dole sai ka tara jama'a, to kada ka iya koyarwa sosai.

Ita kuwa 'yar tawa, ba ni na gaya mata ba, amma ta sani. Shekaranjiya na yi mata faɗa a kan ta zubar mini da shayi a takardun jarrabawa. Ta bari na gama tsaf, ta ɗago wannan dogon hancin, ta ce, "Baba, in na dame ka ne, Kawu Buba ya ce har yanzu akwai wuri."