Jirgin da ya tsaya a Lokoja

Ranar da Bitrus, ƙanin matata, ya dawo daga Legas ta jirgin sama, gidan surukaina a Kabong ya cika kamar ranar suna. Yaron da ni na koya wa karanta taswira, shi aka ba kujerar baƙi da cinyar kaza, ni kuwa ina kan benci da fiffike. Har matata ta saki baki tana sauraronsa, abin da ba ta taɓa yi wa bayanina ba.

Ban taɓa shiga jirgi ba, amma na yi karatu. Na gyara tabarau na ce, "Ai ba wani abu ba ne. Ta sama hanyar a miƙe take, awa ɗaya da 'yan mintuna ka sauka. Mun sha yi."

Matata ta sunkuyar da kai. Surukata kuwa ta miƙo mini ɗaya cinyar.

Bitrus ya ce, "Oga, to ya ka ga abincinsu?"

Na yatsina fuska. "Ni ba na ci. Nakan bari sai mun tsaya a Lokoja, in sayi soyayyen kifi."

A Lokoja motocin Legas ke tsayawa, kuma duk falon babu wanda bai ci kifin nan ba. Surukina, dattijo mai nutsuwa, ya yi dariya har ya ƙware, sai da aka ba shi ruwa.

Har yau, duk tafiyar da Bitrus zai yi sai ya kira ni: "Oga, za mu tashi. In ce wa direba ya tsaya maka a Lokoja?"