Dodon Bango Mai Malfa

Zamanin Turawa, da motar majigi ta iso Tambuwal, ni na rantse aljanu ne Bature ya ɗura a akwati. Wa zai gaya mini? Gida uku na kore wa iska da tofi.

Bayan Magariba aka haska manoman auduga jikin farin ƙyalle. Ban yarda da su ba. Na gyara malfata, na matsa in tofa musu, sai wani baƙin ƙato mai faffaɗan kai ya haɗiye su duka. Na riga matan garin gudu.

Da safe kawuna ya ce, "Majigin ga ba daɗi, ɗana, in ba wurin da inuwakka ta fito ba."

Har yau in na tsaya bakin gonar wani, sai in ji, "Dodon Bango, matsa, kar ka haɗiye min auduga."