Ledar Ɗakin Yaya Hindatu

Ba zan taɓa mantawa da ranar jeren Yaya Hindatu ba, ko da haƙorana sun zube.

Daga Dutsin-Ma za a kai ta Kurfi, kuma babu wanda ya san girman ɗakin. Gwaggo Asabe, ƙanwar babanmu, ta ce in kira ango in tambaya, tunda ni ce ta ɗaya a lissafi a ajinmu (na tabbatar kowa a unguwa ya sani, har mai kosan bakin titi). Angon mai awon filaye ne, sai ya amsa da yarensu: eriyar ɗakin mita sha biyu ce. Eriya dai tsawo sau faɗi ke nan. Kafin ya ƙara magana layi ya katse. In sake kira? Ni? Me za a ce da ni?

Na ce a raina biyu sau shida sha biyu. Mai leda a kasuwa kuma ya ce faɗin tasa mita biyu ce daidai. Na ji kamar don ni aka ƙera ta. Na sa ya yanko shida, na dawo gida ina taku ɗai-ɗai.

Ranar jere muka cika mota. Dangin ango sun tsaya a bakin ƙofa suna yi mana sannu da zuwa, idanunsu kuwa na kan kaya. Aka warware leda. Ta tashi daga bango, ta ratsa ɗaki, ta fita ta ƙofa, ta kusa gaida tulun ruwa a tsakar gida. Gefe guda kuma siminti tsirara, wurin da mutum uku za su kwanta. Ashe uku sau huɗu ma sha biyu ne. Na sani fa. Tun firamare na sani.

Wata tsohuwa daga dangin ango ta leƙo ta ce, “Ikon Allah, amarya har da hanyar zuwa madafi kuka shimfiɗa mata?”

Aka kwashe da dariya. Gwaggo ba ta yi ba. Ta matso kusa da kunnena ta ce, “Ke ’yar nan, a Kurfin kika zaɓi ki tozarta mu?”

Na yi addu’ar ƙasa ta tsage, ba ta tsage ba. Sai na tuna cewa sha biyu dai sha biyu ce, ledar ba ta gaza ba, zaman ne bai yi ba. Na ari almakashi da igiyar awo wurin telan maƙwabta. Na yanke mita biyun da ta fita waje, na raba ta biyu, na jera guntayen a kan simintin. Suka zauna cif, ko tsinke ba zai shiga ba. Aka ɗora gado da kwabet a kan mahaɗar.

Tsohuwar ta zagaya ɗakin sau biyu tana neman aibi, ta ƙare da tambayar ’yar wace ce ni. Gwaggo, wadda ɗazu ta kusa cire mini kunne, ta gyara mayafi ta ce, “Tawa ce, haka muke a gidanmu.”

Har yau Yaya ba ta iya matsar da gadonta ba. Ni kuwa na koyi darasi: in an ba ka eriya, ka tambayi ko da gefe ɗaya. In girman kai ya hana ka, to ka tafi da almakashi.