Cinikin Hula da Biri

"Sannu da hutawa, Maigida. Ya sanƙo? Ya ji da rana?"

"Yana gaishe ki. Sannu da dawowa, uwar yawo."

Tsohon bai ko ɗaga kai ba. Yana zaune a kan benci a rumfar da ke ƙofar gandun dajin, ya shimfiɗa hankici a tsakiyar kansa, gumi na bin bayan kunnensa. Tsohon dillalin dabbobi ne, wanda duk kasuwa ba a san shi da wani suna ba sai Baba Ragi, don ko allura zai saya sai an rage masa. Wadda ta tsaya a kansa kuwa jikarsa ce, ma'aikaciyar jinya. In yana neman wani abu a wurinta Amarya ce, in ransa a ɓace yake Mai Allura ce. Ita ce ta samu hutu a wurin aiki, ta rantse sai ta kai shi ya ga duniya kafin gwiwoyinsa su gama yin murabus. To, ya ga duniyar kuwa. Ya ga itatuwan da ba a hango ƙarshensu, ya taka gadar igiya yana ta salati, sannan wani ƙaton biri ya diro daga reshe ya fizge masa hula ya haye sama da ita.

Ba hular kasuwa ba ce. Marigayiya matarsa ce ta ɗinka ta da hannunta, a shekarar da idonta ya fara dushewa, shi ya sa zanen gefe ɗaya ya karkace. Bayanta ba ta sake riƙe allura ba. Tunda ya zauna a bencin nan zuciyarsa ke ƙuna, amma ya gwammace a cire masa haƙori babu allurar kashe zafi da ya bari yarinyar nan ta gane.

Sai yanzu ya ɗago ya ƙare mata kallo. Taɓo har gwiwa, gyale a yage, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu.

"Subhanallahi. Mai Allura, kallon ruwan da ke zubowa daga dutse kika ce za ki je ko noman shinkafa?"

"Yawon buɗe ido na je. Da shi na zo."

"Ido ya buɗu. Miji na zaune cikin masifa, kai a waje, matarsa ta tafi ɗaukar hoto da duwatsu. Wallahi na yi asarar aure."

"Ni ce na yi asara. Da na san akwai irin wancan saurayin a dajin nan, da ban tsaya a kanka ba. Ka ga yadda hular ta zauna masa? Ya sa ta gaba, ya sa ta baya. Ta fi yi masa kyau nesa ba kusa ba."

"Je ki aure shi mana. Kun ma dace, ga baki iri ɗaya."

"Ai kai ne danginsa. Farin gemu, jan ido, ga rowa. Da ya diro na zaci ƙaninka ne ya zo gaishe ka."

"Allah ya shirye ki. Ni me ya kawo ni nan ma? Ina zaune a ƙofar gidana lafiya, da inuwata da rediyona, kika ɗauko ni kika cusa ni a bas. A biya kuɗi a kalli itace! Itacen da ko kunu ba a ba ka ka dafa da shi ba. Ga zafi kamar an rufe mutum a tukunya, ga sauro da rana tsaka, ga tsuntsaye sai ihu kamar an ci musu bashi. Wannan shi ne hutun?"

"Kowa a bas ɗin nan ya ji daɗi sai kai."

"Kowa a bas ɗin nan da hularsa a kai."

Mai Allura ta zauna a ɗaya gefen bencin, ta rungume jakarta a cinya, ta juyo da murmushin nan da tsohon ya tsana, wanda take yi wa yara kafin ta soka musu allura.

"To, wa ya ja? Tsakani da Allah, Maigida, wa ya ja?"

"Ɓarawo ya ja."

"Ma'aikacin gandun ya faɗa maka da bakinsa. Ya ce biran nan sun saba, sana'arsu ke nan. Su ɗauki kayanka su hau sama su jira, ka miƙa ayaba su sako maka. A gabanka aka ɗauke tabarau ɗin wata mata, ta miƙa ayaba, aka jefo mata abinta ko ƙwarzane babu. Kai da nonon ayaba guda a hannunka, me ka yi?"

"Abin da mai hankali yake yi."

"Ka ɓalli ɗaya. Ka ɓare ta. Ka gutsure rabi ka cinye a kan idonsa, ka miƙa masa ragowar."

"Tayi ke nan! Ke wa ya taɓa fara tayi daga sama? In ka nuna wa mai kaya abin da ke hannunka gaba ɗaya ai ka gama yawo."

"Biri ne fa, Baba."

"Tun ba a haifi ubanki ba nake cinikin dabba. Ke za ki koya mini?"

"Da, kai kake sayar da dabba. Yau dabba ce mai kaya, kai ne ɗan kallo. Har da cewa, 'Malam, faɗi gaskiyarta mu ji.' Malam! Mutanen nan masu gajeren wando duk sun bar birin sun juyo da wayoyinsu kanka. Yanzu haka kana yawo a ƙasashen da ba ka san sunansu ba."

"Su yi ta yawo da ni. Ya kusa sallamawa, na gani a idonsa. Da ba ki yi ta kururuwa kina 'Ba shi duka, ba shi duka' ba, da yanzu an gama. Ke kika ɓata cinikin. Ba a zuwa kasuwa da mai baƙin ciki."

"Au, ni ce ma? Ni na ce ka juya masa baya ka kama tafiya?"

"Haka ake yi! Ka juya ka tafi kamar ba ka so, mai kaya ya ƙwala maka kira."

"Ya kira ka?"

Tsohon ya gyara hankicin kansa.

"Na ce ya kira ka? Kana tafiya a hankali, kunne a baya, kana jiran ka ji 'Dawo, Alhaji, kawo.' Da ka waiwayo ko wutsiyarsa babu. Ni kuwa dariya har sai da na riƙe itace."

"Ai ke dama ba ki da ta ido."

"Amma wanda ya fi kashe ni shi ne kushen. Ka tsaya ka riƙe ƙugu kana faɗa wa biri, 'Wannan tsohuwar hular? Ɗinkin ma a karkace. Ko kyauta aka ba ni sai na yi shawara.'"

Ta kwaikwayi muryarsa daidai, har da kaɗa yatsa. Nan ne abin ya same shi. Tun ɗazu ba rabin ayabar ke cinsa ba, ba dariyar baƙi ba, wannan maganar ce. Kushe kaya a bakinsa ya zama kamar numfashi, ya kushe raƙumi ya kushe rago, bai taɓa jin komai ba. Yau bakin nan ya kushe ɗinkin da tsohuwar ta yi tana kai zare kusa da ido tana lalube, ya faɗa da ƙarfi a gaban mutane, kuma hular ta tafi da wannan a matsayin maganarsa ta ƙarshe a kanta. Kunya ta kama shi, irin wadda ba ta da wurin ɓuya.

"Direban nan ba zai tashi ba ne?" ya ce, yana kallon wajen da bas ɗin ke tsaye.

"Sai an gama taruwa." Ta zungure shi da gwiwar hannu. "Ka dai yarda biri ya fi ka iya ciniki."

"Allah ya kiyaye."

"Ka faɗa mana, ko ka samu sauƙi. Kullum ina gaya wa marasa lafiya, a fitar da abu ya fi a riƙe."

"Marasa lafiyarki Allah ne kawai ke raya su. Wanda kika yi wa allura a hannu ya tashi da ɗingishi."

"Kai da na yi maka ai ka warke."

"Tsoro ne ya warkar da ni, kada ki ƙara."

"To shi ke nan. Tunda ba ka yarda ba, bari in nemi wani mai sayen." Ta zuge jakar a hankali. "Dama wani kaya na samo a dajin, na ce ko dillali zai duba mini. Tsoho ne dai, ɗinkin ma a karkace."

Ta zaro hular.

Ta yi duƙun-duƙun, gefenta da shatin haƙori, ga wani wari da ba sai an tambayi inda ta shiga ba. Amma ita ce, ga karkataccen zanen nan yana kallonsa. Baba Ragi ya miƙa hannu, ta janye ta ɓoye a bayanta.

"A'a. Kasuwa muke. Nawa ka saya?"

"Ke... ina kika..."

"Ka zaci ruwa na je kallo? Na bi ma'aikacin gandun muka gangara rafi, inda biran suke taruwa da rana. Mun samu mutuminka a kan dutse ya kifa ta a gwiwa yana cire mata ƙwarƙwata. Saya, Maigida, rana na yi."

Sai a lokacin ya lura da bayan hannunta, wani dogon ƙarcen ƙaya da jini ya bushe a kai. Ya dubi ƙafar da babu takalmi. Bakinsa, da yake ya saba, har ya buɗe da kansa.

"Wannan tsohuwar..."

Ya tsaya. Ya haɗiye sauran. Ya sauke hankicin daga kansa ya ninke shi, sanƙon ya fito fili yana ƙyalli.

"Faɗi abin da kike so, Amarya. Ba tayi."

"Me ka ce?"

"Na ce ba tayi. Yadda kika faɗa haka na saya."

"Innalillahi! Jama'a, a kawo ruwa, tsohon nan ba shi da lafiya!" Ta kai hannu goshinsa. "Baba Ragi ya ce ba tayi! Mai ayaba, kin ji da kunnenki ko? Ki zama shaida."

Matar da ke sayar da 'ya'yan itace a gefen rumfar ta rufe baki da gefen zane tana dariya.

"Faɗi mana, kin tsaya tara mini jama'a."

"Abu ɗaya. Ka ce biri ya fi ka."

"Biri ya fi ni."

"Da ƙarfi."

"Biri ya fi ni! Ya fi ni, ya fi ubangidana da ya koya mini sana'ar. Kuma ɗinkin nan ba a karkace yake ba, idona ne a karkace. Ba ni abata."

Ta bar dariyar. Ta karkaɗe hular a cinyarta, ta busa mata iska, ta ɗora masa a kai da hannu biyu, ta juya karkataccen gefen zuwa hagu yadda kakarta ke gyara masa in zai fita. Tsohon ya kai hannu ya dafa ta, ya daɗe bai sauke ba.

Can sai ya yi gyaran murya ya haɗe fuska.

"To, me kika ba shi?"

"Nonon ayabar da ka bari."

"Guda nawa a ciki?"

"Duka."

"Duka!"

"Da gyaɗarmu. Da burodin da muka ajiye na hanya."

"An cuce ki! Wallahi an cuce ki a tsaye! Ko tayi ba ki yi ba? Kin ɓata kasuwar dajin nan har abada. Gobe duk wanda aka ɗauke wa hula sai ya sayar da gona. Takalmin fa, shi ma haɗawa kika yi gyara?"

"Taɓo ya riƙe shi. Na ce in tsaya ciro takalmi ko in bi hula."

Direba ya danna oda, mutane suka fara tashi. Daga rumfar zuwa bas ɗin tsakuwa ce zalla, rana ta gasa ta tun safe. Baba Ragi ya dubi tsakuwar, ya dubi ƙafar jikarsa. Ya sunkuya yana nishi, ya cire takalmansa na fata, ya tura mata su da ƙafa.

"Ungo. Kada a ce matata na yawo kamar mahaukaciya."

Ta dubi takalman, ta dube shi.

"Duka biyun? Na zaci ƙafa ɗaya za ka fara tayawa."

Dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke fitowa da tari, har hawaye, kuma bai damu ya goge ba.

"Sa ki wuce, 'yar nema, kafin hankalina ya dawo."

Ta zura ƙafafunta a ciki, suna mata yawa tana ja ƙarat-ƙarat. Shi kuwa ya bi bayanta ba takalmi, yana ɗage ƙafa yana tsine wa tsakuwa da birai da wanda ya ƙirƙiro hutu, hannunsa ɗaya a kan hular, bai sake ta ba har suka shiga mota.