Rasuwar Sarkin Tsawa a Hannun 'Yan Jere

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da ta ƙi daina murmushi, ni Suhaibu Kalilu na bayan Kusugu, Daura, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar littattafaina na zane, guda ɗari da sha uku, masu ɗauke da labarin jarumi Sarkin Tsawa. Sun rasu ranar Alhamis da hantsi, kwana biyu kafin a kawo mini amarya.

Marigayin ya shekara goma sha ɗaya a kwalin taliya a ƙarƙashin gadona. Bai taɓa neman caji ba, bai taɓa cewa babu sabis ba. Duk wanda ya zauna da shi ya san muryarsa: GARAM! TIM! FUUU! Ni kuwa tun muna zance na ɓoye wa amaryata Zubaida shi, don tsoron ta ga ƙato da gemu yana kallon zanen yara, girmana ya zube tun ba a shafa Fatiha ba.

Ajali ya zo a hannun 'yan jere. Dangin amarya suka shigo da tsintsiya, suka zaro kwalin. Gwaggo Kulu ta rangaɗa guɗa ta ce, "Allah Ya yi wa angon nan albarka, har takardun shimfiɗa ya tanadar mana!" Kafin azahar, jarumin da ya ɗaga jirgin ƙasa da hannu ɗaya yana kwance ƙarƙashin kwanukan tangaran. Da wasu aka hura wutar tuwo. Wani baƙo daga Mashi ya tafi gida da babban yaƙin ƙarshe an naɗe masa alkaki a ciki.

Ya rasu ya bar bangon littafi uku, da shafi ɗaya mai maiƙo, da autansa, fitowa ta ɗari da sha huɗu, inda sabuwar mataimakiyarsa Walƙiya ta fara bayyana. Ba ta tashi sama, ba ta fasa dutse, sai kaifin baki da silifa ɗaya da ba ya kuskure ƙeyar mugu.

Ranar Litinin da safe na tarar da autan a hannun amarya. A bayan madubi ta tsince shi. Na ce yau asirina ya tonu. Ita kuwa dariya take har mayafi na zamewa. Ta ɗago ta ce, "Ango, wannan Walƙiyar ai ta fi ubangidanta hankali. Ina na farkon?" Na nuna mata murhu. Wallahi ban taɓa jin daɗin rashi irin na ranar nan ba.

Za a binne tokar a gindin dogonyaron ƙofar gida yau bayan la'asar. Na yafe wa Gwaggo Kulu duniya da lahira. Zaman makoki kwana ɗari da sha uku ne, kullum in ba Zubaida labarin littafi ɗaya da ka. Masu ta'aziyya su yi daga gida, kujera biyu ce a falon, kuma duk da masu su.